Ya ce Allah ya nuna masa ni ce matarsa, ni kuwa ban ji komai ba

'Yar'uwa daga Tudun Wada, Jos:

Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Ubangiji. Shawara nake nema, don abin ya hana ni barci. Shekarata 27, ina cikin ƙungiyar mawaƙa. Wani ɗan'uwa a ƙungiyar ya tare ni bayan sujada, ya ce Allah ya nuna masa a mafarki har sau uku cewa ni ce matarsa. Bayan mako biyu, a wani taron addu'ar dare da ba na ikilisiyarmu ba, mai wa'azi ya nuna ni cikin jama'a. Ya ce Ubangiji ya ce mijina yana kusa, in na ƙi shi ƙofa za ta rufe kafin ƙarshen shekara, kuma in kawo baiko na musamman a hatimce maganar. Ni kuwa shekara biyu ke nan ina addu'a kan aure, har da azumi, ban ji murya ba, ban yi mafarki ba. An koya mana cewa Allah mai aminci ne, yana magana da 'ya'yansa. To, don me zai gaya wa mutum biyu zancen rayuwata ya bar ni a duhu? Laifi na yi masa? Ta yaya zan gane ko shi ne ya yi magana?

Baba Fasto mai ritaya, Bukuru:

'Yata, kafin komai, kada ki ba da ko kwabo, kada kuma ki amsa wa kowa cikin tsoro. Zauna da Littafinki mu bi abin daki-daki.

Amincin Allah cikin magana yana nufin ba ya ƙarya, ba ya warware abin da ya faɗa, ba ya kuma faɗin abu yau gobe ya faɗi kishiyarsa. Littafin Ƙidaya 23:19 ke nan. Ibraniyawa 1:1-2 kuma ya nuna inda maganar ta kai: a dā ta bakin annabawa, kashi-kashi, ta hanyoyi iri-iri, a ƙarshe kuwa ta wurin Ɗansa. Saboda haka ba a duhu kike ba. Kina da ma'auni a hannu, kuma duk wanda ya zo da "in ji Ubangiji" dole ya hau wannan ma'auni, ko da bishop ne.

Ki fara da 1 Sarakuna 13, ki karanta shi duka. Allah ya aiki wani annabi daga Yahuza zuwa Betel, ya hana shi cin abinci da shan ruwa a can. Sarki ya gayyace shi, ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi, ya same shi zaune a gindin itace, ya ce shi ma annabi ne, mala'ika ya ce a komo da shi gida ya ci. Nassi ya faɗa ƙarara cewa ƙarya ya yi masa. Mutumin ya bar abin da Allah ya gaya masa ya bi abin da aka ce Allah ya gaya wa wani, zaki ya kashe shi a hanya. Wanda ya yi ƙaryar furfura gare shi, annabi ne kuma, ba boka ba. Nan ne mutanenmu suke yawan faɗuwa, don kunyar manya.

Sannan Irmiya 28. Hananiya ya tsaya cikin Haikali a wata na biyar, ya karya karkiyar itacen da ke wuyan Irmiya, ya ce cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali daga Babila. Magana mai daɗi, da wa'adi, da abin kallo. Irmiya bai da amsa a take, ya kama hanyarsa ya tafi har sai da maganar Ubangiji ta zo masa. Shekara 70 ce gaskiyar, ba biyu ba, Hananiya kuwa ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara. In annabi kamar Irmiya ya iya tafiya ba amsa, ke ma ba dole ba ne ki amsa a tsakiyar taro.

Ma'aunin Musa kashi biyu ne. Maimaitawar Shari'a 18:22: in abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoron mai faɗar. Sura 13 kuma ta ƙara da cewa ko alamar ta cika, in tana janye mutum daga bin Ubangiji, a ƙi ta. Zancen baikon hatimi kuwa ba sai an wahala ba. Na'aman ya zo da azurfa talanti 10, da zinariya 6,000, da riguna 10, Elisha ya ƙi karɓar komai. Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa, kuturta ya samu. Bitrus ya tsawata wa Siman da ya miƙa kuɗi don baiwar Allah, a Ayyukan Manzanni 8. Ba wurin da aka sayi cikar maganar Allah da ambulan.

Mama, Zumuntar Mata, Unguwar Rukuba:

Sannu 'yata, Allah ya kwantar miki da hankali. Baba ya gama babban aiki, ni kan auren zan tsaya.

Ki lura da yadda Allah yake yi in abu ya shafi mutum biyu. Mala'ika ya je wurin Maryamu, a Luka 1, aka kuma yi wa Yusufu magana dabam a mafarki, a Matiyu 1. Karniliyus ya ga wahayi a Kaisariya, Bitrus ma ya ga nasa a Yafa kafin manzannin su iso ƙofa. Ko Rifkatu, bayan baran Ibrahim ya ba da labarin alamar da ya roƙa a bakin rijiya, sai da aka kira ta aka tambaye ta ko za ta tafi da mutumin, ita ta ce za ta tafi. Farawa 24:58. Mafarkin ɗan'uwan nan, ko da gaskiya ne, izini ne gare shi ya zo ya nemi aurenki da ladabi. Bai zama umarni a kanki ba. Kuma saurayin da yake kallon yarinya a wurin koyon waƙa sau biyu ko uku a mako, in ya gan ta a mafarki ba abin mamaki ba ne. Mai Hadishi 5:3 ya ce yawan abin da ke damun mutum shi ke kawo mafarki.

Ga abin yi. Ki gaya wa faston ikilisiyarku da matarsa a wannan mako, ke da wata babbar mace da kika amince da ita, kada ki je ke kaɗai. Ki gaya wa iyayenki. A bincika ko ɗan'uwan da mai wa'azin sun san juna, ko akwai wanda ya kai labari, domin mako biyu tsakanin mafarki da annabci abin dubawa ne. In kina da sha'awarsa, a bi hanyar da kowa ke bi: kwamitin aure, binciken asali da hali, me yake yi, yaya yake riƙe kuɗi, yaya yake magana da mahaifiyarsa, ya taɓa gaya wa wata irin wannan mafarkin? A yi gwajin jini tun zance bai yi nisa ba. In ku biyu AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila, mafarki kuwa ba ya canza wannan lissafi. Abin da ke ɓata irin wannan aure shi ne, tun da an ce "Allah ne ya ce", sai a tsallake bincike duka, ranar da rigima ta tashi kuma matar ta rasa bakin kuka, don gani take da Allah take faɗa.

Ɗan'uwa daga Dadin Kowa:

Na yarda da Baba da Mama, amma kada mu jefar da annabci gaba ɗaya saboda masu cin abinci da shi. 1 Tasalonikawa 5:19-21 ya haɗa uku wuri ɗaya: kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, a gwada kome a riƙe mai kyau. Agabas ya faɗi yunwa, ta kuwa zo a zamanin Kalaudiyas. Shi ne kuma ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa da ɗamarar Bulus, ya ce haka za a yi wa Bulus a Urushalima. 'Yan'uwa suka yi ta roƙon Bulus kada ya je, ya ƙi, ya tafi. Annabcin ya faɗi abin da zai faru, shawarar kuwa ta zauna a hannun Bulus.

'Yar'uwa, ki sami littafin rubutu ki rubuta maganar mai wa'azin kalma da kalma, da ranar, da waɗanda suka ji. Baki yakan sauya zance bayan wata shida, takarda ba ta sauyawa. Ki auna ta da 1 Korantiyawa 14:3: ta gina ki, ta ƙarfafa ki, ta ta'azantar da ke? Aya ta 29 kuma ta ce sauran su auna abin da aka faɗa. Wanda ya yi fushi don an ce za a auna maganarsa, ya riga ya ba ki rabin amsa.

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, Jos:

Akwai tambayar da ta fi yi wa 'yar'uwarmu ciwo, wato shirun shekara biyu, bari in taɓa ta.

Muna karanta labarin Ibrahim cikin minti talatin, sai mu ɗauka kullum Allah yana hira da shi. Duba lissafin. Yana da shekara 75 aka kira shi, yana da 100 aka haifi Ishaku. Ƙarshen Farawa 16 yana da 86, ayar farko ta sura 17 yana da 99, shekara 13 ke nan ba a rubuta wata magana ba. A zamanin Eli an ce maganar Ubangiji ta yi wuya. Tsakanin Malakai da Yahaya Mai Baftisma wajen shekara 400 ne. Duk da haka Joshuwa 21:45 ya shaida cewa ko ɗaya daga cikin alkawaran bai faɗi ba. Zabura 13 da 88 addu'o'in masu jin shiru ne, kuma Allah ya sa su cikin Littafinsa domin irin wannan rana taki. Shiru ba hujja ba ce cewa kin yi laifi.

Wurin da na fi so a koya wa matasa shi ne Irmiya 36. Sarki Yehoyakim yana jin ɗumi a wata na tara, ana karanta masa littafin Irmiya, duk sashi uku ko huɗu sai ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta, har ya ƙare. Allah ya ce a ɗauko sabuwar takarda, Baruk ya sake rubutawa, har da ƙari. Wannan naci ne ya kawo maganar bakinmu: cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru na su Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa.

Yadda za ki karanta: ki daina buɗe shafi da ka ki sa yatsa, wannan ƙuri'a ce, ba karatu ba. Ɗauki littafi guda ki bi shi daga farko. Markus sura 16 ne, sura ɗaya a rana, kwana 16. Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, shekara guda cif. Duka surori 1,189 ne a littattafai 66, uku kullum biyar ran Lahadi za su kai ki ƙarshe cikin shekara, amma ban ba ki shawarar farawa da wannan ba, yawanci a Littafin Firistoci ake tsayawa. A kowace sura ki tambaya: wa ke magana, da wa, a wane hali? Ba duk abin da ke rubuce ne alkawari gare ki ba. Abokan Ayuba sun yi jawabai masu kama da wa'azi, Allah ya ce a 42:7 ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Irmiya 29:11 da muke mannawa a mota, ayar da ke gabanta ta ce sai bayan shekara 70. Abin da aka yi miki alkawarinsa a sarari shi ne hikima in kin roƙa, Yakubu 1:5. Ba a yi miki alkawarin jin sunan miji da kunne ba, don haka rashin jinsa bai taɓa amincin Allah ba.

'Yar'uwa daga Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Na karanta 1 Sarakuna 13 yanzu, jikina ya yi sanyi. Mama, me zan ce masa ran Alhamis a wurin koyon waƙa? Ba na so in wulaƙanta shi.

Mama, Unguwar Rukuba:

Ba a wurin waƙa ba 'yata, idanu sun yi yawa. Ki ga Fasto tukuna, a kira shi ofis. Can ki ce masa kin ji, kin gode, ba ki ƙaryata mafarkinsa ba, amma ke ba ki sami wannan tabbaci ba, kuma ba za ki amsa kan wa'adin kowa ba. In yana nema da gaske, ya turo manyansa a bi tsarin ikilisiya. Ki roƙe shi kuma ya daina gaya wa 'yan ƙungiya zancen. Lambar mai wa'azin nan, in kin karɓa, kada ki kira, in ya kira ki ki haɗa shi da Fasto.