Namun daji a bayan gidanmu cikin ƙanƙara, ku ban shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun san tun Oktoba muka koma wani ƙauye can wajen garin Duluth a jihar Minnesota ta Amurka saboda aikin Baban Hanif, wlh da farko kullum sai na yi kuka dan ba kowa sai itatuwa, amma tunda ƙanƙara ta zuba sai ga abin kallo, jiya bayan asuba barewa biyar na gani a bakin dajin bayan gida suna cizgar rassa, ga sawaye birjik ban san na meye ba. Yara sun dame ni in sayo masara su zuba musu. Ta ina zan fara?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Hajiya dan Allah kar ki zuba wa barewa masara. Yankuna da dama a Minnesota an hana ciyar da su saboda cutar CWD mai lalata musu ƙwaƙwalwa, in sun taru suna cin abu ɗaya sai su shafa wa juna ta yawu, ki duba shafin DNR, hukumar jihar mai kula da namun daji, ki ga ko naku yana ciki. Kuma ko ba doka cikinsu ya saba da rassa a hunturu, masara da yawa farat ɗaya tana iya kashe su. Tsuntsaye za ki ciyar, barewa kallo kawai.

Anti Bilki: Gaskiya ne. Ki sayi baƙin irin sunflower ɗin nan mai mai, shi kusan kowane tsuntsu ke ci, kar ki yarda da buhun haɗe-haɗe mai araha, rabinsa watsar da shi suke a ƙasa ɓeraye su samu. Sai suwet, kitsen shanu ne ake daskarar da shi kamar sabulu a saka a ɗan keji, masu ƙwaƙular itace na sonsa sosai. Amma ki karanta jikin kwalin, ni dai ban son in taɓa abin da aka haɗa da man alade.

Maman Hanif: Anti akwai wasu ƙanana masu baƙar hula da farin kunci, ko tsorona ba sa ji

Anti Bilki: Cikadi kenan! Su ne za su fara zuwa. Ɗan mitsitsin abu amma yana kwana a waje sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili, da dare rage zafin jikinsa yake dan kar kitsensa ya ƙare, ikon Allah. Ki sauke manhajar Merlin a waya, ta jami'ar Cornell ce kuma kyauta, ki ɗaga wayar kawai ta saurari kukan ta faɗa miki sunansa.

Ɗan Katsina: Ni maganar sawu zan yi, dan a gida kakana maharbi ne. In sawun ya miƙe ɗoɗar kamar an ja zare to dilan nan ne da suke kira koyoti ko yanyawa, karen gida shi yawo yake nan da can. In ba alamar farce dangin kyanwa ne. Zomo kuma manyan ƙafafun baya ne za ki ga sun wuce gaba. Ki fita da sassafe kafin iska ta share su.

Baban Ilham: Madubin hangen nesa ki nemi 8x42, ya ishe ki, wanda ya fi shi girma hannu rawa yake da shi. Kyamarar ɗaurawa a bishiya ma tana da daɗi dan abin da ke yawo da dare ya fi yawa, sai dai batir ɗin lithium za ki sa, ni na yau da kullum na sa bara ko sati bai yi ba sanyi ya kashe shi.

Hajiya Babba: 'Yata duk ku yi amma ki kula da Hanif kar ya bi sawu ya shige daji, magariba ƙarfe huɗu da rabi take yi yanzu. Kuma da Afrilu ta kama ki sauke abincin tsuntsayen, beyar, manyan namun dajin nan masu haɗari, yanzu barci suke amma in sun farka da yunwa har baranda suke zuwa.

Maman Hanif: In sha Allah Hajiya, na gode. Wai ni mujiya ce ke kuka kusa da tagarmu da dare, wlh sai da na karanta Ayatul Kursiyyu 😂

Ɗan Katsina: Haba, abin da muke jifa a gida shi Turawa ke biyan kuɗin jirgi su zo gani. Dajin fadamar nan Sax-Zim Bog bai kai awa ɗaya da ku ba, duk hunturu mutane cike da manyan kyamarori suna neman babbar mujiyar nan mai ruwan toka. Ki sa maigida ya kai ku ranar Asabar, ku tafi da shayi a fulas.

Anti Bilki: Na manta, kurege. Ki sayi murfin nan mai kama da mazurari da ake sawa a jikin sandar da ake rataye abincin tsuntsaye, in ba haka ba shi za ki riƙa ciyarwa. Nawa har yau bai daina gwadawa ba, ya hau ya zame ya sake hawa.

Maman Hanif: To Anti wane shago kika samu naki, nawa ne buhun?