Muhawara: Manhajar sa ido ce ke ƙara aiki, ko yadda ake tafiyar da ma'aikata?

Manaja: Assalamu alaikum. Zan faɗi ra'ayina kai tsaye. Kamfanin da yake son aiki ya ƙaru, ya sayi manhajar da za ta nuna wa shugaba abin da kowa yake yi a kwamfutarsa: sa'ar da ya shiga, sa'ar da ya tashi, da tsawon lokacin da allo ya zauna babu motsi. Abin da ake kira al'adar kamfani, a yi ta taro ana cewa dukkanmu dangi ne, daɗin baki ne. Mutum in ya san ana ganinsa, zai yi aiki.

Hajiya Akanta: Wa alaikumus salam, Yallabai. Zai yi motsi dai, amma motsi daban, aiki daban. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma saboda dabarar da suka yi ta sa kwamfuta ta riƙa nuna kamar suna danna madannai. Har 'yar na'ura ake sayarwa mai girgiza linzamin kwamfuta don kada allo ya kwanta.

Manaja: Ai hujjata kika kawo, Hajiya. An kama su ko ba a kama su ba?

Hajiya Akanta: An kama su. Amma wannan bankin dai shi ne a 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185, bayan ma'aikatansa sun buɗe asusun bogi da sunan jama'a don su cika adadin da aka ɗora musu. Sa ido bai yi ƙaranci a can ba. Lamba aka ba su, suka kawo lamba.

Injiniya: Yallabai, bari in ba ka labarin wata masana'anta, don ni abin da ya fi gamsar da ni ke nan. A da, kamfanin General Motors yana da wurin haɗa motoci a Fremont, jihar Kalifoniya. Ya yi ƙaurin suna da fashin aiki da yajin aiki da motoci marasa inganci, har aka rufe shi a 1982. A 1984 aka sake buɗe shi da haɗin gwiwar Toyota, da sunan NUMMI, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce ba su da amfani. Ba a daɗe ba motocinsu suka shiga sahun gaba a inganci cikin masana'antun General Motors. Me ya sauya? A da, dokar ita ce layin haɗa mota ba ya tsayawa ko da ka ga kuskure da idonka. Toyota ta rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. Ka ga ƙusa ba ta zauna ba, ka ja igiya, shugaban rukuni ya taho da gudu ya taimaka maka, in abin ya gagara layi ya tsaya. Igiyar ba wata fasaha ba ce. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne wanda ya ja ta ya san ba za a ci masa mutunci ba. Wannan nake nufi da al'ada, ba taron rabon riguna ba.

Sabon ma'aikaci: In an ba ni dama, manyana, ni a sashen amsa kiran abokan hulɗa nake. A gefen allona akwai agogo da yake komawa ja in kira ya wuce lokacin da aka ƙayyade. Wata dattijuwa ta kira, an cire mata kuɗi sau biyu, ba ta ma san inda lambar shaidar biyan take ba. Ina lallaɓa ta, idona na kan agogon nan. Da ya yi ja sai na tura ta wani sashe, alhali na san can ma dawo da ita za su yi. A rahoton ranar na fito cikin masu ƙwazo. Ita kuwa matsalarta tana nan. Har yanzu abin yana damuna.

Malamar tattalin arziki: Sannu ƙanena, Allah ya ba da mafita. Amma kada mu zarce mu ce fasaha ba ta da amfani. Masanin tattalin arziki Erik Brynjolfsson da abokan bincikensa sun duba masu irin aikinka su fiye da 5,000 da aka ba su mataimaki na ƙirƙirarriyar basira. A rahotonsu na 2023, matsalolin da ake warwarewa cikin sa'a sun ƙaru da kashi 14 cikin 100, a wajen sababbin hannu kuwa da kashi 34. Wannan na'ura ce da aka sa don ta taimaki mai aiki, ba don ta tsare shi ba. Sannan akwai batun lokaci. A 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow ya lura cewa kwamfuta ta cika ko'ina amma ba a ganin tasirinta a alƙaluman yawan aiki. Haka aka yi da lantarki: masana'antu sun cire injin tururi sun sa na lantarki a gurbinsa, tsarin aiki bai motsa ba, riba ma ba ta motsa sosai ba. Sai wajen shekarun 1920, da aka ba kowace na'ura nata injin lantarkin aka sake jera aikin, amfanin ya bayyana.

Manaja: Malama, na ji. To amma gwajin da masanin tattalin arziki Nicholas Bloom ya yi da masu amsa kira na kamfanin tafiye-tafiye Ctrip na ƙasar Sin, wanda masu aiki daga gida suka ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin 100, ta yaya aka san kashi 13 ɗin? Ba ƙirga kira da mintoci aka yi ba? Ku kuna da damar yin falsafa. Ni ƙarshen wata ake tambayata, kuma ina da mutum biyu da kowa ya san sauran ne ke ɗauke musu kaya.

Malamar tattalin arziki: Gaskiyarka, ƙirgawa aka yi, ba kuma wanda ya ce a daina auna aiki. Sai dai sun duba ingancin kiran ma, bai faɗi ba, kuma masu ajiye aiki sun ragu da kusan rabi.

Hajiya Akanta: Yallabai, kai da bakinka ka ce kowa ya san mutum biyun nan. Ido ba mudu ba, ya san kima. Me ya sa za a ɗauki hoton allon kowa saboda mutum biyu da za ka iya kira ofis gobe ka yi musu magana?

Manaja: Saboda in na kira su, za su ce ƙiyayya ce. Ina buƙatar shaida a rubuce.

Injiniya: To a rubuta abin da aka ba kowa da ranar da zai kawo, a allon da kowa ke gani, har da naka, Yallabai. Manhajojin rabon aiki irin su Trello da Asana don haka aka yi su. Wanda bai kawo ba, shaida ta fito ba tare da an leƙa allon kowa ba.

Manaja: Wannan zai yi wa mai rubuta rahoto. Mai amsa kira fa, da me zan auna shi in na cire agogo?

Sabon ma'aikaci: Yallabai, a duba ko wanda ya kira ya sake kira a kan matsala ɗaya cikin mako. Manhajarmu tana ajiye wannan bayanin tuni, ba a dai sa shi a rahoto.

Manaja: Zan nemi a fitar mini da shi in gwada da na agogo. Amma ban yarda a cire agogon ba tukuna, sai na ga me alƙaluman biyu za su nuna.