Wai muna da tsarin shekara 30 kan ambaliya, ko sai dam ya fashe ake tunawa da mu?

Ɗan Gwange:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min da amsa, abin nan ya daɗe yana cina. Ni a Gwange nake a Maiduguri, daren 10 ga Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya fashe muna barci ruwa ya shigo, da farko na ɗauka lambatu ne ya toshe kamar yadda ya saba, kafin asuba ya kai ni ƙirji, na saɓa tsohuwarmu a baya muka fita ko takalmi babu. Buhun gero 6 da keken ɗinkin maiɗakina duk sun tafi, har yau in ka shiga ɗakin zaka ga layin da ruwan ya bari a bango sama da taga. Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa duk ruwa ya shiga, har kadoji da macizan gidan zoo sai da suka fito gari.

Toh abin da ya fi ɓata min rai shi ne da Baba yake ce min ai a 1994 ma haka aka yi, wannan dam ɗin dai. Shekara 30 cif tsakani. A 2025 an ce an ware naira biliyan 80 za a sake gina shi, Alhamdulillahi, amma tambayata ita ce, wai ƙasar nan tana da wani tsari na dogon zango da ya ce nan da shekara kaza ga dam ɗin da za a gyara, ga inda ba za a yi gini ba, ga dajin da za a bari? Ko dai kullum sai buhun shinkafa da tabarma bayan an gama asara?

Baban Ummi:

Wa alaikumus salam Mala, Allah Ya mayar da alheri. Tsari kam akwai shi, har ya yi yawa. Akwai babban kundin ababen more rayuwa na ƙasa da aka yi na shekara 30, daga 2014 zuwa 2043, akwai dokar sauyin yanayi ta 2021, akwai asusun kula da muhalli tun 1981 da ake cire masa kaso daga kuɗin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi duk suna samun nasu. Kuma duk shekara hukumar hasashen yanayi NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar lura da koguna NIHSA ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci. Takarda ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba.

Matsalar ita ce ɗan siyasa shekara 4 yake lissafi, shi kuwa dam shekara 50 yake lissafi. Wa zai zuba kuɗi a yashe laka ko liƙe tsaga a jikin dam, abin da ba a yanka masa ribon, ba a kiran maroƙa? Gada a tsakiyar gari ta fi daɗin hoto. Dubi dam ɗin Dasin Hausa a Adamawa, tun da Kamaru ta gama nata dam ɗin Lagdo a 1982 ake maganar gina shi don ya riƙa tare ruwan Binuwai, 2012 ruwa ya ci mutane sama da 300, 2022 sama da 600, har yau magana ce.

Manomin Marma:

Baban Ummi na yarda da rabin maganarka amma wlh ku daina ɗauka gina dam shi ne maganin komai, mu nan ƙasar Haɗeja zuwa Nguru mun ga ɗaya fuskar. Da can kogi da kansa yake tsara mana shekara, damina ya cika ya malale fadama, a yi shinkafa, a kama kifi, in ya janye a shuka wake da alkama a danshin, sannan Fulani su shigo da shanu su ci kara, gona ɗaya mutum uku suna ci a lokaci daban daban. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, sannan Challawa a 1992, sai ruwan ya zama ana sakinsa rani da damina saboda noman rani na su Kadawa da Kura da ruwan shan Kano. Ba na ce ba a amfana ba, tumatir da shinkafar da ake ci ai daga can ne. Amma kogin da ba ya bushewa shi ciyawar kachala take so, ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su, laka ta taru a gindinta, sai ruwan ya bar hanyarsa ya karkata rafin Marma ya cinye gonakin wasu, wasu kuma can ƙasa wajen Gashuwa suna jiran ruwa bai zo ba. Ga jan-baki da ke kwana a cikin kachalar, da safe su tashi kamar hadari su sauka kan shinkafa, yara na ta buga gwangwani har muryarsu ta dushe.

Gonar kakana yanzu sai da kwalekwale, kachala ta fi ni tsawo. Mun sha yin gayya da lauje da adda, mu shiga ruwa har wuya mu buɗe hanya, wata biyu ta dawo. An taɓa kawo mana injin yanka, ya yi aiki kwana kaɗan aka ce ba mai, daga nan ba mu sake ganin direban ba.

Shi ya sa in ana maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are mutanen Bauchi na so, mutanen Yobe da Borno hankalinsu ke tashi, don Jama'are ne ya rage da ke kawo ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita. Kogi ɗaya ne daga Kano har tafkin Chadi amma kowace jiha tsarinta take yi kamar ruwan a iyakarta yake tsayawa. In za a yi tsarin shekara 30 a fara da zama ɗaya kan yaushe za a saki ruwa, nawa za a saki, wa ke ƙasa.

Yar Damagaram:

Sannunku yan uwa. Mu ma nan Nijar damanar 2024 ba ta bar mu ba, tsohon masallacin Birni na Zinder da ke tsaye tun ƙarni na 19 ruwa ya kayar da shi, Maraɗi ma an yi asarar rayuka. Barajin Kandaji (dam ɗinmu na kogin Kwara) kuwa tun 2008 aka aza tubali har yau ba a gama ba, kun ga ciwon iri ɗaya ne.

Amma abu guda da ya yi aiki a wurinmu ba siminti ba ne, sassaben zamani ne. Manomi in yana sharar gona ba ya tumɓuke kututture, sai ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari ya sassabe sauran, shi kenan. Daga shekarun 1980 zuwa yanzu an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Zinder. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ƙarƙashinsa gero ya fi kyau. Abin da ya sa ya ɗore, manomi ya ji icen nasa ne ba na gwamnati ba.

Baban Ummi:

Hajiya wannan gaskiya ne. Namu shirin katangar bishiyoyi jihohi 11 ya shafa, sau nawa muka ga an dasa a watan Agusta an ɗau hoto, kafin Maris awaki sun gama da su saboda babu mai ban ruwa.

Ɗan Gwange:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Manomin Marma ka buɗe min ido, ni da duk tunanina a ƙara wa Alau tsawo kawai. Amma mu ma da namu laifin, bakin kogin Ngadda gidaje ne a jere har cikin hanyar ruwa, bola kuma duk a lambatu. Ni kaina filin da na saya bara waccan da araha yanzu na gane dalilin arahar. Baban Ummi wannan jerin na NIHSA da ka ce, a wane wata suke fitarwa, kuma ana samunsa da Hausa ko sai an nemo mai fassara? Ina so in kai wa mai unguwarmu kafin hadari ya fara haɗowa.