Wanke fim da Nescafé: in gwada ko in aika Yamai?

Sanusi_Zariya2: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki bikin ƙanwata da tsohuwar kamarar Baba, fim baƙi da fari guda ɗaya tal, kuma duk garin nan ban samu mai wankewa ba. Na ga ana haɗa Nescafé giram 40, sodar wanki giram 54 da bitamin C giram 16 cikin litir ɗaya na ruwa, a jiƙa fim ɗin ciki minti 15. Wai tun 1995 anka fara yin shi da kofi a wata jami'a ta Rochester can Amurka. In yi kasada ko in aika Yamai? Wa ya taɓa yi?

Dan Gulbi: ka ɗauka da waya mana, mi ya kai ka

Hajiya Rabi: bikin an riga an yi, karanta dai

Tsohon mai hoto: Yaro kar ka soma da fim ɗin biki. Na yi shi lokacin bazara, ruwan famfo kamar na shayi, shi kuwa awon da ka kawo na ruwa mai digiri 20 ne, zafi na hanzarta shi, nagetif ya hito baƙi ƙirin kuma bayanshi ya yi laushi yana kwaɓewa a yatsa. Hotunan sunan jikana ne. Uwar yaron har yau in mun gamu wurin sabga sai ta tada zancen, ta ce Baba ya dafa mana hotuna, ni da na shekara da shekaru ina wanke hoton mutane. Kuma kofi ba ya gama aiki, dole sai fiksatar, maganin da ke tabbatar da hoton a jikin fim, wannan ba ganyen da ke maye gurbinshi, in babu shi hoton lalacewa zai yi da ya ga haske.

Dan Gulbi: to a sa madara da sukari a ba amarya ta sha 😂

Malam Issa PC: Wasa wasa, mai madara bai yi, sai tsantsar kofi. Kuma bikarbonat na farmasi ba shi ne sodar wanki ba, sai an gasa shi tukun. Ruwa kuwa a sa ƙanƙara. Kanwa tana da sodar amma awonta bai tabbata ba. Ni bagaruwa nika son gwadawa, tanin ɗin da majema ke jima da shi.

Tsohon mai hoto: Malam ka taɓa riƙe fim cikin duhu ko allo kawai? Alli daban, aiki daban.

Malam Issa PC: Baba da girmanka, wanda ya ƙone nashi ne zai hana mu magana?

Sanusi_Zariya2: fiksatar ɗin nawa ne?

Abdu Transit: jika 4 na sawo ma wani a Kano

Hajiya Rabi: Wace shekara? Ɗana jika 12 anka ce mishi, ban da kuɗin mota. Kuma in kun gama kar ku zuba ruwan fiksatar ɗin a kwata, azurfa gare shi, awakinmu nan suka shan ruwa.

Abdu Transit: Yamai ɗin ma wa ya ce akwai mai wankewa? Ni abin da ke ƙona min rai masu sutudiyon da sunka zubar da nagetif ɗin mutane da dijital ta shigo. Na je neman hoton mahaifina, yaron shagon ya ce buhu biyu sunka ƙone da shara.

Hajiya Rabi: Namu gara ta cinye. Wane sutudiyo ne naka, na wajen babbar kasuwa?

Sanusi_Zariya2: jama'a fim ɗina fa