Ruwa na taruwa a ƙasan motata, na toshe ko'ina amma abin ya ƙi

Mai Shinkafa, Marwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya kai ni maƙura. Motar Land Cruiser ce, HZJ75 mai dogon gida da ƙofa biyu a baya, injin 1HZ. A Njamena na saye ta shekara biyu da suka wuce, lokacin da wata ƙungiyar agaji ta yi gwanjon tsofaffin motocinta. Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Yayana ya kai shanu huɗu kasuwar Bogo ya sayar ya ba ni, kawuna, wanda kuma shi ne surukina don auren zumunci muka yi, ya cika sauran bisa sharaɗin duk wata in kai masa kasonsa, an samu ko ba a samu ba. Ni Hilux na so tun farko, Yaya ne ya ce sai wannan. To duk abin da ya sami motar sai na yi wa mutum biyu bayani, kuma su biyun ba sa ga maciji tun rabon wata gonar masakwa da ba sai na shiga zancenta a nan ba.

Aikina ɗauko shinkafa daga Maga da Pus zuwa Marwa, wani lokaci da busasshen kifi da fasinja. Da rani ƙura, ka iso gida kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Da damina kuma ruwa. Wajen ƙafar mai zaman gaba kullum a jiƙe yake, in ka taka kafet ɗin sai ya yi caɓal. Ran Talatar da ta wuce, kasuwar Pus, na ɗauko surukata, ta ajiye ƙullin atamfa turmi uku a ƙasa. Muna isowa Marwa muka tarar sun sha jan ruwa mai tsatsa. Ba ta ce min uffan ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Na sauya robar ƙofofin gaba, na kai wa toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya yi abin da zai yi, har yau jiya i yau. Nan da kwana 12 zan kai amarya da kayanta Pus, ƙanwar matata ce, ga katifa ga akwatuna, ga Agusta ya kama. Wane irin gam ko silikon zan saya in toshe ko'ina, yadda ko cikin mayo, wato rafi, na shiga ɗigo ɗaya ba zai shigo ba?

Baban Ummi

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, Allah ya sa alheri a auren. Ina biye, ni ma tawa haka take yi.

Ɗan Garwa

Yaya abin mai sauƙi ne. Ka nemi tsohon tib na babur, ka yanka shi tsiri-tsiri, ka manna a kan robar da gam ɗin masu gyaran takalmi. Sannan ka ɗaga kafet ka shafe ƙasan gaba ɗaya da kwalta mai sanyi. Sefa 5000 ta ishe ka.

Usta, Kusiri

Mai Shinkafa, ka ba mu tarihin shanu da gona, amma abin da makanike ke son ji ba ka faɗa ba. Ruwan nan yana shigowa ne in motar na tsaye ana ruwan sama, ko sai ka ratsa mayo? Fari ne tas ko mai laka? Kuma “abin da zai yi” ɗin nan da toliye ya yi, mene ne shi? Shekara 31 ina ƙarƙashin irin waɗannan motoci, sau da yawa wanda ya ce roba ce ba roba ba ce.

Kai kuma Ɗan Garwa, kwalta a kan ƙarfen da ya riga ya jiƙe ya fara tsatsa, kamar ka ɗaure gyambo da leda ne. Ta sama ya yi kyau, ta ƙasa yana ci. Bayan damina biyu fasinja zai riƙa ganin hanya ta tsakanin ƙafafunsa.

Mai Shinkafa, Marwa

Baba Usta na gode. Ko a tsaye take a ƙofar gida in an yi ruwa da dare, da safe zan tarar da shi. Toliyen ya duba ya ga wasu 'yan ramuka a ƙasan ƙofofi, ya ce ta nan ruwa da ƙura ke hawowa, ya cike su da silikon. Ya kuma shafa wa sabuwar robar baƙin mai don kada rana ta busar da ita. Mutum ne da ya san aikinsa, tare muka yi makarantar allo.

Usta, Kusiri

Innalillahi. To ɗana, zauna ka ji.

Ramukan nan ba tsatsa ce ta huda su ba, kamfani ne ya yi su da gangan. Ruwan da ke gangarowa a gilashin taga, 'yar robar da ke share gilashin ba ta tare shi duka. Dole wani ya faɗa cikin cikin ƙofar, haka aka ƙera kowace mota. Daga nan sai ya sauka ƙasa ya fice ta ramukan. Abokinka ya toshe mafita ya bar mashiga. Yanzu ƙofarka randa ce. Gobe bayan ruwa ka buɗe ta ka kaɗa ta, in ba ka ji ruwa na motsi a ciki ba ka zo Kusiri ka karɓi kuɗin man ka. In ya cika sai ya ɓullo ta bayan allon ƙofa ya zubo cikin mota, a bayan sabuwar robar taka, wadda ba ta ma san ana yi ba.

Ka cire allon ƙofar ka duba. A bayansa ya kamata ka ga leda an manna ta da wani baƙin gam mai danƙo da ba ya bushewa, butil ake ce masa. Ita ke mayar da ruwa cikin ƙofa. Duk wanda ya taɓa gyaran injin ɗaga gilashi yakan yage ta ya yar. In babu, ka yanko leda mai kauri ka mayar, bakinta na ƙasa ya shiga cikin ƙofar.

Baƙin mai kuwa, robar ƙofa irin wadda ake kira EPDM ce. Tana jure rana, tana jure ruwa, amma duk abin da ya fito daga fetur maƙiyinta ne: baƙin mai, gazuwal, girisin mota, har basilin. Kumbura take yi, ta yi taushi, ta saki gam ɗinta. Ka wanke ta da ruwa da sabulu yau ɗin nan. In kana son shafa mata wani abu, gilisarin na farmasi ko girisin silikon. Na ce girisin silikon, ba silikon na manna gilashi ba. Shi ma wannan, in mai warin tsamin nan ne da ke hawa hanci, asid yake fitarwa yana bushewa, kuma asid da ƙarfen da fentinsa ya kwaile kun san yadda suke ƙarewa. A jikin mota gam ɗin poliyuretan ake sawa, irin su Sikaflex.

Direban Yagwa

Usta maganarka gaskiya ce amma ku daina ɗora wa direba laifi kullum. Robar da ke kasuwa yanzu fa? Bara na ba wani mai kayan gyara sefa 18,000, ya rantse min ta asali ce daga Dubai, har da leda mai tambari. Rani ɗaya ta yi, zafin Afrilu ya mayar da ita kamar ƙanzo, kana taɓawa tana karyewa. Na mayar masa ya ce wai ni ne nake ajiye mota a rana. A ina zan ajiye ta, a firij? Har yau in na wuce shagonsa sai ya sunkuyar da kai kamar yana lissafi.

Hajiya Mai Kifi

Ni dai tunda an taɓo kifi bari in faɗi nawa. Ku direbobin hanyar Maga ku ji tsoron Allah. Ku karɓi kuɗin kwali cif, ku ɗora jarkar gazuwal kusa da shi, in ruwa ya shigo ya kwaso ƙazantar ƙasan mota ya jiƙa kwalin ku ce ƙaddara. Wata biyu da suka wuce kwali biyu na banda na yi asara. Ƙanena Mai Shinkafa, surukarka da ta yi shiru mai kirki ce, da ni ce da ka sayi atamfa.

Mai Shinkafa, Marwa

Hajiya ai ban taɓa ɗaukar kayanki ba. Baba Usta, ban ƙi taka ba, amma tun kafin a toshe ramukan ruwan na shigowa, shi ya sa ma na kai ta. Kuma tun da aka toshe ƙurar ta ragu, wannan da idona na gani. In na buɗe su kuma na shiga mayo ruwa ya kai ƙofa, ba ta nan zai shigo ba?

Ɗan Garwa

Ka ga abin da nake faɗa. Wani abu kuma da na yi wa tawa, robar ƙofa ai tana da rami a cikinta. Na zura siririn tiyon ƙarin ruwa na asibiti a ciki, ta cika ta yi ɓul-ɓul. Yanzu in na rufe ƙofa sai ka ji dim.

Usta, Kusiri

Tiyon yana ɗan taimakon robar da ta kwanta, wannan na yarda. Amma in ka cika kauri, da tib da tiyo, sai an buga ƙofa da ƙarfi kafin ta kama, hinji da makulli su ci wuya, saman ƙofar ya buɗe baki. Ka yi maganin ƙasa ka ɓallo sama.

Kafin a sayi komai a gwada. Ɗauki takardar 500, sa ta a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. Inda ta riƙe, roba na aiki. Inda ta zare salin alin, nan ne ƙofa ba ta matse ba. Ka bi ko'ina da ita. Sannan ka buɗe ƙofar rabi ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama. In ta yi ƙwas-ƙwas, fil ɗin hinji ya cinye, ƙofar ta sauka, ko robar zinariya ka sa ba za ta zauna daidai ba. Motar da ta sha kwalbatin Waza da Dabanga shekara da shekaru, da wuya hinjinta ya zama lafiya.

Tunda ka ce tun da can tana yi, kuma gefen mai zaman gaba ne, to ka leƙa ƙarƙashin ƙarfen da ke gindin gilashin gaba, inda hannun share gilashi yake. Nan iskar fanka ke shiga, kuma yana da magudanarsa. Ganyen dogon yaro da ƙurar hunturu kan taru su zama laka su toshe shi, ruwa ya taru ya zubo ta fanka daidai kan ƙafar fasinja. Haka in tiyon zubar da ruwan kilim, wato na'urar sanyaya mota, ya toshe. Ka ɗaga kafet da auduga mai kaurin da ke ƙarƙashinsa, ita ke riƙe ruwa sati guda, ka shanya su ko ka yar da audugar. Yaro ya shiga ciki da tocila, kai kana waje da tiyon wanki. Ka fara daga ƙasa, ka daɗe a wuri ɗaya kafin ka hau sama. In ka fara daga rufi ko'ina zai jiƙe ba ka gane komai ba.

Direban Yagwa

Zancen mayo kuma, Mai Shinkafa, ka cire wannan buri daga ranka. Toyota da kanta santimita 70 ta ce wa irin motarka, shi ma ruwan da ke kwance. Mota in ta toshu ruf tana shiga ruwa mai zurfi sai ta fara tasowa, taya ya saki ƙasa, igiyar ruwa ta juya ta. Mu da muka ga abin da ruwa ya yi wa Yagwa a 2024 ba a ba mu labari. Kuma kafet ne ƙaramar asara. Aksul in ya yi zafi ka tsoma shi a ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta wurin numfashinsa. Ka kwance ka duba man, in ya zama kamar shayi da madara ka yi juye kafin biki.

Baban Ummi

Ƙurar fa? Ni ita ta fi damuna.

Usta, Kusiri

Ƙura ta baya take shiga, don in mota na gudu iska na tsotso ta ƙofofin baya. Rufe gilasai, kunna fanka a kan iskar waje ba mai zagaye a ciki ba, iskar ciki ta riƙa turawa waje. Kuma inda ƙura ta bi, hayaƙin salansa ma na bi, saboda haka robar baya ta fi ta gaba muhimmanci ga mai ɗaukar fasinja. Na tabbata Mai Shinkafa bai taɓa ta ba.

Mai Shinkafa, Marwa

Ta bayan lafiyarta lau. Gaskiya ba ni da kwana biyun da zan ajiye mota ana wasa da tiyo, Kawu na jiran kasonsa ƙarshen wata. Kuma ba zan iya komawa wajen abokina in ce ya ɓata aiki ba, bai karɓi ko dala ba. Shi ne ma ya ɗaura min kariyar kaya a sama kyauta, ya huda rufin wuri shida ya ɗaure da noti, buhu goma take ɗauka ba ta motsi.

Usta, Kusiri

Ya huda rufin? Wuri shida? Motar da aka yi mata kwata a gefen rufi don a maƙala kariya ba tare da huji ba? Sai yanzu kake faɗa? Ruwan na bin noti ya shiga ƙarƙashin silin, ya gangaro ta ginshiƙin gefen gilashi ya sauka ƙasa. Taɓa silin ɗin wajen notin gaba ka gaya min.

Mai Shinkafa, Marwa

Ya sa roba a ƙarƙashin kowane noti Baba, a gabana ya yanka. Ni dai har yanzu ina ganin robar ƙofar ce ba ta asali ba, kamar yadda Direban Yagwa ya ce. Akwai wanda ya san inda zan samu ta kirki a Marwa ko Garwa? Ranar biki zan shimfiɗa tamfol a ƙasa in ɗora akwatunan a kan katako.

Ɗan Garwa

Ka zo Garwa in raka ka, amma ka taho da tib ɗin.

Usta, Kusiri

Ramukan ƙofar dai, ka buɗe su ko ba ka buɗe ba? Ƙusa ɗaya ce da minti biyar.

Hajiya Mai Kifi

Mai Shinkafa, nawa buhu yake yanzu a Maga?