Tsoffin kuɗin Ingila a akwatin Kaka: in wanke su?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Na tsinci tsabar kuɗi uku a akwatin marigayi Kakanmu. Kobon Ingila na 1912 mai hoton Sarki Joji na biyar, da wani ɗan harafin H a gefen shekarar, sai sule biyu, na 1918 da na 1948. Na 1918 ya yi baƙi ƙirin. In goge shi da toka da lemun tsami?

Baba Mai Tsaba: Wa alaikumus salam. Ɗana, don Allah kada ka goge! Na taɓa yi wa wani sulen Sarauniya Biktoriya haka, har yau abin na ci min rai. Masu saye sun fi son wannan baƙin, gogewa kuwa ƙarce fuskar take yi, daraja ta faɗi. Baƙin ma shaidar azurfa ce. Kafin 1920 azurfar sulen Ingila kashi 92.5 ce cikin ɗari, daga nan zuwa 1946 aka mayar da ita rabi. Naka na 1948 jan ƙarfe ne da nikel kawai.

Hajiyar Zariya: H ɗin nan na nufin kamfanin Heaton na Birmingham ne ya buga, ba masana'antar gwamnati da ke Landan a lokacin ba. Irin wannan kobon yana da yawa, ba zai yi tsada sosai ba. Duba kunnen sarkin da gashinsa, nan suke fara sulɓewa.

Ɗan Fagge: Na gode Baba, na gode Hajiya. Kunnen ya shafe, amma gashin baki na nan raɗau. Na ajiye lemun.