A bar ɗalibai su yi gardama da juna a tsakiyar lakca?

Malamin Lissafi: Salamu alaikum. Jiya a taron sashe aka ce mu riƙa dakatar da lakca muna ba ɗalibai minti biyu su tattauna da na kusa da su. Ni dai na ce ɓata lokaci ne. Ajina na 'yan shekarar farko ya haura mutum 400, wasu a tsaye a bakin taga, lasifika yau tana aiki gobe ta mutu. In na ce su yi magana, ai kasuwa ce za ta ci.

Malamar Fiziks: Wa alaikumus salam, Malam. Ai don babban aji aka ƙirƙiro abin. Eric Mazur na Jami'ar Harvard a Amurka ya fara shi a farkon shekarun 1990, da ya gano ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya, amma tambaya mai sauƙi kan dokokin motsi na Newton tana kayar da su. Tambaya ɗaya mai zaɓi za ka jefa, kowa ya amsa shi kaɗai, sannan ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, a sake amsawa. Ni ba ni da wata na'ura, yatsu nake sa su nuna a ƙirji don kada wani ya leƙi na wani. Makon jiya na tambaye su: tirela ta yi karo da adaidaita sahu, wanne ya bugi ɗan'uwansa da ƙarfin da ya fi? Galibi suka ce tirela. Na ji wata yarinya a layi na uku tana ce wa ƙawarta, "Ƙarfin ɗaya ne, nauyin ne ya bambanta, shi ya sa ƙaramin ya fi jin jiki." Ni na faɗi haka sau uku a allo bai shiga ba.

Malamin Lissafi: Harvard fa kika ce, Hajiya. Su ba su san yajin aiki irin namu ba. Wata takwas ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta yi a 2022, aka dawo aka matse mana zango. Da wane lokacin zan gama kwas?

Malamar Fiziks: Ka gama kwas, su kuma su dawo maka da shi baɗi? A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniya da lissafi. Inda lakca ce zalla, kusan kashi 34 cikin ɗari ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai aiki a aji, kusan kashi 22.

Farfesa: Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. A zaure, in malam ya biya wa almajirai karatu, tashi suke su yi bita da juna. Tsorona ɗaya: makaho ya ja makaho. In duk layin ba wanda ya gane fa?

Malamar Fiziks: Ranka ya daɗe, an gwada wannan a Jami'ar Colorado, a ajin ilimin ƙwayoyin gado, aka buga a mujallar Science a 2009. Ko rukunin da ba wanda ya san amsa da farko, bayan gardama sun fi iya amsa wata sabuwar tambaya makamanciyarta.

Mataimakin Malami: Ku yi min afuwa iyayena, ban daɗe da tashi daga bencin nan ba. Ba lalaci ke rufe mana baki ba. Ka ɗaga hannu, abokai su ce iyayi gare ka. Ka yi kuskure, wani malamin ya dizga ka a gaban mata, har ka kammala ba ka sake tofawa. Amma magana da na kusa da kai ba ta da wannan kunyar. Da daddare a tutoriyal ai mu muke koya wa juna har asuba.

Farfesa: Wannan dizgin, mu ne da laifi.

Malamin Lissafi: Har yanzu ban ji yadda zan mayar da mutum 400 shiru ba in sun ɓarke.

Malamar Fiziks: Tafi uku nake yi, su mayar min da uku. Sai a mako na biyu suka saba.

Malamin Lissafi: To, ranar Talata ƙarfe takwas, tambaya ɗaya tak zan gwada. Ki zo ki tsaya a baya, ke za ki yi tafin.